Guga, siramik ko leda: me ya dace da fentin motar tsere a Kano?

Wata safiya cikin hunturun bara na iske maigadin wani ubangidana a Nasarawa yana ta kai-kawo da tsumma a kan bonet ɗin baƙar Porsche 911. Ba ruwa, ba sabulu. Ƙurar dare ce ta sauka, shi kuma bawan Allah so yake kafin mai gida ya fito motar ta yi fes. Na ce, "Baba, don Allah dakata haka." Ya dube ni ya ce, "Ai kullum haka nake mata, kuma Alhaji bai taɓa yin faɗa ba."

Da daddare na ja Alhajin zuwa gareji, muka kashe wuta, na haska fitilar waya a kan bonet ɗin. Sai ga zobe-zobe sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo, tun daga bakin gilashi har tambarin gaba. Ya yi shiru, can ya ce, "To yanzu wanne za a yi? Wani ya ce siramik, wani ya ce leda, mai fenti a Ƙofar Ruwa kuma ya ce in kawo ta ya hura mata sabuwar kiliya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai magana biyu aka cakuɗa maka." Cire ɓarnar da ta riga ta faru daban, tsare fentin daga ta gobe daban. Guga, wato goge fentin da inji, da sake fenti su ne na farko. Kakin shafawa da ruwan siramik da ledar mannawa a kan fenti su ne na biyu. Wanda ya shafa siramik a kan fentin da ya karce, ya kulle karcen ne a ƙarƙashi, zai yi shekaru yana kallon abinsa yana ƙyalli.

Kafin a kai ga zaɓi sai an san abin da ake taɓawa. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: akwai shafen hana tsatsa, sai faraima, sai launi, sai kiliya a sama, wato wannan shafen mai kama da ruwa wanda shi ne ke ƙyalli. Gaba ɗayansu kaurinsu yakan kama daga maikron 100 zuwa 180, maikron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliyar ita kaɗai ba ta cika wuce maikron 35 zuwa 50 ba. Farar takardar A4 da ake buga wasiƙa a kai tana kai maikron 100, ka ga kenan duk kyan motar da ake ta magana a kai bai wuce rabin kaurin takarda ɗaya ba. Kuma guga ba cike karce take yi ba, zaftare kiliyar da ke gefen karcen take yi har su zo daidai wa daida. Abin da aka zaftare ya tafi kenan, ba ya tsirowa.

Wannan ya fi damun mu a Kano fiye da mutumin Jamus da ya ƙera motar. Kiliya ce ke ɗauke da sinadarin da ke tare zafin hasken rana, mu kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a kan baƙin ƙarfe da ya wuni a fili. Duk wanda ya bi titin Zoo ko na Zariya ya ga motocin da rufinsu da bonet suka yi fari-fari kamar makero, kiliyar tana ɓarewa. Ƙarshen kiliyar da ta yi siriri kenan a ranar Kano.

Don haka tambaya ta farko ga duk mai gugar da ka kai wa mota ita ce, ina na'urar auna kaurin fenti? In ya ce idonsa ya ishe shi, ka tada motarka ka tafi. Na'urar ƙarama ce, ana ɗora ta a jikin mota ta nuna lamba. Sai dai motar tsere tana da nata sharaɗin: jikin Audi R8 da na Ferrari 488 alminiyam ne, 911 ta zamani gamin alminiyam da ƙarfe ce, Corvette kuwa fatun jikinta ba ƙarfe ba ne sam. Na'urar da ke aiki da maganaɗisu kaɗai ba ta karanta alminiyam, sai wadda aka yi wa duka biyun. Kan kabon faiba da robar bamba kuwa, sai mai aiki da sauti, wadda ke da tsada kuma ba kowane shago ke da ita ba. Inda ba a iya aunawa, sai a sassauta hannu.

Awon nan yana tona asiri. Yawancin irin waɗannan motoci da ke shigowa ƙasar nan ta Legas ko Kwatano sun yi rayuwa a wani wuri, wasu ma daga kasuwannin gwanjon Amurka irin su Copart da IAAI aka sayo su bayan hatsari, aka gyara. In ƙofar hagu ta nuna 120, ta dama ta nuna 350, an sake mata fenti. In lamba ta doshi 1000, foti ne a ƙasa. A motar Alhaji fenda ɗaya ce ta baya ta fallasa kanta, shi kuma da rantsuwa aka sayar masa cewa ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba.

To, guga kashi nawa? Akwai ta zagaye ɗaya, wadda ake yi da man guga mai laushi da soso matsakaici. Takan ci maikron ɗaya zuwa uku, ta kwashe mafi yawan zoben tsumma, ta dawo da zurfin launi, amma karce mai zurfi zai rage. Aikin yini ɗaya ne. Akwai ta zagaye biyu: a fara da mai kaifi irin Menzerna 400 ko Meguiar's M105 a yanke karcen, sannan a bi da mai laushi irin M205 a kashe hazon da na farko ya bari. Wannan takan ci ninki biyu ko fiye, kuma aikin kwana biyu zuwa uku ne in ana tsoron Allah. Sai ta ƙarshe, wadda ake haɗawa da samfefa mai laushi ana jiƙa ta da ruwa, don kwantar da ƙurajen kiliya ko karce mai taurin kai. Ita wannan, a ganina, ba ta mota mai fentin kamfani da ke yawo a gari ba ce. Garin neman gira a nan ake rasa ido.

Ni dai in mota tana fita ko sau biyu ne a mako a Kano, zagaye ɗaya nake ba da shawara, sai a bi wuraren da suka fi muni kaɗai da zagaye na biyu. Dalili kuwa, hunturu zai dawo. Motar da aka kai maƙura bana, baɗi za ta sake neman guga, ga kiliyar ta ragu. Zagaye biyu cikakke ya dace da motar da za a rufe da kariya nan take kuma an riga an gyara yadda ake wanke ta, ko wadda ba a taɓa gogewa ba kuma awo ya nuna tana da sarari. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki in ka ja a kai, wannan ya wuce guga. A ɗan kwantar da bakinsa ya rage kama haske, a ɗiga fenti in ya kai ga faraima, a haƙura.

Sake fenti fa? Shi ne na ƙarshe a layi. Fentin kamfani an gasa shi ne da zafin da ya haura digiri 130 tun motar tana ƙwarangwal, ba waya ba roba a jikinta. Babu ɗakin fentin da zai iya maimaita wannan a kan mota haɗaɗɗiya. Ga kuma daraja: mai saye da ya san abin da yake yi zai zo da na'urarsa, ya ga an taɓa, ya karya farashi. Sai in kiliya ta riga ta fara ɓarewa, ko an lotsa wuri, shi ma fallen da ya lalace kaɗai.

Injin gugar ma abin dubawa ne. Wanda aka fi gani a wuraren gugar mota na bakin titi shi ne mai juyawa kai tsaye, da ƙaton soson gashi. Yana da sauri, amma yana tara zafi, a hannun wanda bai ƙware ba yana barin wasu layuka masu rawa a rana, kuma a kan kaifin fenda ko bakin ƙofa cikin daƙiƙa kaɗan yake ƙone kiliya ya kai ga launi. Motar tsere kuwa duk kaifi ce da lanƙwasa da ramukan shan iska. Injin da ke juyawa yana kuma karkaɗawa, irin na Rupes ɗin Italiya ko Flex ɗin Jamus, ya fi jinkiri amma ya fi aminci. Ka duba ko sun manne bakin roba da kaifin fallaye da tef kafin su fara. Abin kamar ƙarami, amma daga nan ake gane wanda ya koyi aikin da wanda ya sayi inji kawai.

Akwai wata dabara da ya kamata kowa ya sani. Wasu mayukan ba sa cire karce, cika shi suke yi da maiƙo. Za a miƙo maka mota tana walƙiya kamar amarya, wanki biyu sai zoben su dawo reras. Maganin abin, kafin ka biya, ka ce a goge wani sashe da ruwan sifirit na cire maiƙo, a haska fitila a gabanka. In mai aikin ya fara kame-kame, ka sami amsarka. In kuwa motarka mai fenti marar ƙyalli ce, irin Magno na Mercedes ko Frozen na BMW, kada inji ya kusance ta ko da wasa. Duk inda aka goge zai yi sheƙi, kuma ba ya komawa.

Yanzu kariya. Kaki shi ne mafi araha kuma mafi tsufa. Na asalin daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samunsa a Burazil, sunanta carnauba. Yana ba baƙar mota da ja wani irin ɗumi a ido da har yau masoyansa ba sa sakinsa. Amma a zafinmu makonni kaɗan yake yi, garin sabulun wanki kuwa tashi ɗaya yake kwashe shi. Ɗan'uwansa na haɗin kamfani yakan kai wata huɗu zuwa shida. Mai motar da ke kwana a rufaffen gareji, yana kuma jin daɗin shafa da hannunsa ranar Asabar, wannan ya ishe shi. Sauran mutane su wuce gaba.

Siramik ruwa ne a 'yar kwalba, ana shafa shi ya bushe ya zama wani siririn ɓawo mai kama jikin kiliya. Sunayen da aka sani su ne Gtechniq, CarPro, Gyeon, Ceramic Pro. Masu yin sa kan ce yana kai shekara biyu zuwa biyar, gwargwadon iri da kulawa. Abin da yake yi da gaske: ƙura da taɓo ba sa kama jiki sosai, wanki ya yi sauƙi, kashin tsuntsu da ƙaron darbejiya ba sa saurin cin kiliya, launi ya daɗe bai dusashe ba. Abin da ba ya yi shi ne abin da aka fi tallata shi da shi. Kaurinsa maikron ɗaya ne zuwa biyu. Tsakuwar da tifa ta watso a hanyar Wudil ba ta san da zamansa ba, haka ma ƙarfen adaidaita sahu a cunkoson Kantin Kwari. Lambar 9H da ake bugawa a kwali da manyan baƙaƙe kuwa ma'aunin taurin fensir ne, ba na duwatsu ba. Ɓurɓushin yashin da ke cikin ƙurar hunturu ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, don haka tsumman Baba maigadi zai karce siramik kamar yadda ya karce kiliya, sai dai a ɗan jima.

Yana kuma da wata matsala da ta fi fitowa a garinmu. A kan siramik ruwa dunƙulewa yake yi ƙwaya-ƙwaya. Abin sha'awa ne a bidiyo, amma in ruwan burtsatse ne ko na 'yan garuwa mai ɗauke da ma'adinai, aka bar shi ya bushe a rana, kowace ƙwaya sai ta bar farin zobe, wani har sai an sa inji kafin ya fita. Shafa shi ma yana son sanyi da tsabta. A rumfar kwano da azahar, ruwan kan kafe kafin a goge rarar, ya bar dabbare-dabbare masu duhu. Bayan an gama, motar na bukatar kwana guda ba ta ga ruwa ba, da kusan mako kafin wankin farko. Wanda ya ce ka kawo da safe ka ɗauka da la'asar, har da guga har da siramik, wani abu ya tsallake.

Leda, wadda aka fi sani da PPF, ita ce kaɗai ke tsayawa tsakanin fenti da dutse. Asalinta daga kamfanin 3M ne, wanda ya yi wa sojojin Amurka ita don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi a zamanin yaƙin Biyetnam. Ta yau roba ce garai-garai mai miƙewa, kaurinta wajen maikron 150 zuwa 200, wato ta ninka kiliyar kanta sau uku ko huɗu. Masu kyau, irin XPEL da SunTek da STEK da ta 3M ɗin, samansu yana haɗe ƙananan karce da kansa in ya ji zafi. Turawa har ruwan ɗumi suke zubawa don hakan ta faru, mu kuwa ranar Kano kyauta take yi mana wannan aikin. Ga motar da hancinta ke dab da ƙasa, tayoyin bayanta faffaɗa suna watsa tsakuwa a kan nata cinyoyin, babu abin da ya kama ƙafar leda.

Aibinta na farko kuɗi, domin rufe mota gaba ɗaya yakan ninka kuɗin siramik sau da yawa, kuma farashin dala yake bi. Na biyu, hannun mai mannawa ya fi sunan ledar muhimmanci. In aka manna ta a buɗaɗɗen wuri cikin hazo, kowace ƙwayar ƙura da ta shige ƙasa za ta zauna nan kamar ƙurji har ranar da aka ɓare. In da reza ake yanka ta a jikin mota, hannu ya ɗan nutsa, sai bayan shekaru ka ga layin wuƙa a fentinka. Shagunan kirki da kwamfuta suke yanke ta daidai da samfurin motar, su kuma naɗe bakinta ta cikin falle inda ya yiwu. Bakin da aka bari a fili ƙura ce za ta bi shi ta zana jan layi, a farar mota abin har ciwo yake yi a ido. Na uku, jabu. Akwai ledoji masu arha da ke rikiɗewa rawaya su tsattsage a rana, ɓare su kuma azaba. Araha ba ta ado. Ka nemi ganin kwalin da takardar garanti mai lambar motarka, domin manyan kamfanonin har shekara 10 suke bayarwa in dilansu ne ya manna. Kada kuma a haɗa maka ita da ledar canza launi. Waccan siririya ce, kwalliya ce, ba sulke ba.

Fendar Alhaji da aka sake wa fenti ta kawo mu ga wani gargaɗi. Fentin da ba na kamfani ba, in bai kama da kyau ba, ranar ɓare leda yana iya biyo ta. Sabon fenti kuma sai ya sha iska aƙalla wata guda, wasu masu fentin ma su ce biyu ko uku, kafin a rufe shi da leda ko siramik.

Da za a tambaye ni yadda za a raba kuɗin, ga yadda nake gani. Motar da ke hawa hanyar Kaduna da Abuja, ko ake shiga da ita ayarin biki inda yara ke dafawa ana manna mata ribon da salatif, a yi mata guga zagaye ɗaya, leda a bamba da bonet gaba ɗaya da fendojin gaba da madubai da ƙasan ƙofofi da gaban tayoyin baya, sannan siramik a sauran jiki har da kan ledar. Kada a yarda da rabin bonet, layin da ke ratsa tsakiya ƙura za ta bayyana shi cikin mako guda. Baƙar mota, ko mai launin da aka yi oda na musamman wanda haɗa irinsa a nan zai yi wuya, ko mai fenti marar ƙyalli, in aljihu zai ɗauka a rufe ta duka, akwai ledar da aka yi don marar ƙyallin. Motar da ba ta wuce Bompai zuwa Nasarawa da yamma, fara ce ko ruwan azurfa, siramik kaɗai ya wadatar. Wanda kuma zai sayar nan da wata shida, guga mai sauƙi da kaki, kada ya binne kuɗin da mai saye ba zai mayar masa ba. Lokacin aikin ma a duba: ƙarshen damina, wajen Oktoba, kafin hazo ya sauko, ya fi kowane lokaci sauƙin samun iska mai tsabta. In babu rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya wuri a kusa, kuɗin ɗora motar a kan babbar mota zuwa inda yake bai kai kuɗin ɓare aikin banza a sake ba.

Duk wannan kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba in ba a taɓa wanki ba. Ƙa'idar gajeriya ce: ba a taɓa busasshiyar ƙura da komai. A fara kwarara ruwa ya tafi da yashin, a sa sabulun mota, ba na tufafi ba, bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye safar wanki, daga sama zuwa ƙasa, a inuwa, jikin mota da sanyi. Tawul mai laushi na maikrofaiba, wanda ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Na taya daban. In birkin motar na kabon siramik ne, a nisanta shi da ruwan wanke rim mai ƙarfi da man sheƙin taya. Rigar rufe mota ma, a kan jiki mai ƙura, in iska tana kaɗa ta, samfefa ce.

Alhaji ya zaɓi leda a gaba da siramik a sauran, aka bar fendar nan ba leda. Kwana huɗu motar ta yi a wurin aiki. Da ta dawo na sayo bokiti biyu masu launi daban da tawul shida, da lokacin wankinta ya yi na zauna da Baba maigadi muka wanke ta tare sau biyu. Ya juya tawul ɗin a hannu yana shafa laushinsa ya ce, "Yanzu ɗan nan, ko ta yi fururu da safe in ƙyale ta?" Na ce, "Ka ƙyale ta, Baba, sai Talata da Juma'a." Tsohon tsumman yanzu babur ɗinsa yake gogewa da shi.